Waƙar da Aka Yanke wa Amshi

Duk wanda ke zuwa kasuwar Gorton da ke Manchester ranar Asabar ya san Ngo Celestina Dalyop, ko da bai san sunanta ba. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tana jan jakar cefane mai taya, kuma in za ta tsallaka titi mota ce ke jiranta. Mutanen Filato ke ce mata Ngo, wato uwa da yaren Birom. Sauran jama'a Maman Virtue suke ce mata.

A wani ƙauye kusa da Bukuru aka haife ta. Ta yi sakandare, ta koyi ɗinki, ta auri Dalyop. Shi ya fara zuwa Manchester da sunan karatu, karatun ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya koma tuƙin bas. Bayan shekara huɗu ta biyo shi, ta sami aiki a gidan kula da tsofaffi. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana juya tsofaffin Turawa a kan gado, tana share musu abin da ba a faɗa a gaban abinci. Ba ta taɓa cewa aikin da daɗi ba, ba ta kuma taɓa makara ba.

Ita aikin kwana take yi, shi kuma na wuni. Saboda haka rabin aurensu a bakin ƙofa aka yi shi. Ƙarfe bakwai na yamma tana ɗaure igiyar takalmi, shi yana zaune da kwanon tuwo a cinya, sai ta ce, "Sai da safe." Shi kuma ya ce, "Allah ya tashe mu lafiya," ko da yake ya san ba barci za ta je yi ba. Da safe kafin ta iso ya riga ya zare sakata ya bar mata ƙofar a buɗe, don sanyi kan daskarar mata da yatsu har ta kasa juya makulli. Ta tura ta shiga, ta iske butar shayi tana huci, shi yana neman hularsa. Soyayyarsu ke nan, kuma ta ishe su.

Bayan ƙarfin hannu, abin da Allah ya ba ta shi ne waƙa. Cocinsu na masu jin Hausa ne, suna aron wani zaure ranar Lahadi da rana, kuma ita ce mai ƙaga wa zumuntar mata waƙoƙi. Ba ta rubutawa. Tana wanke-wanke waƙa za ta zo mata, ta riƙe ta a ka har ranar Alhamis da matan ke taruwa. Tana da tulun ƙasa da ta ɗauko daga gida a naɗe cikin zannuwa, ana dukan bakinsa da guntun katifa. Ya ɗan tsage a wuya tun a jirgi, shi ya sa sautinsa ke da wata 'yar karkarwa da babu a tulun kowa. Waƙar zumunta ƙafa biyu gare ta: mace ɗaya ta bayar, sauran su amsa. Celestina kan ce waƙar da babu amshi ba waƙa ba ce, surutu ne.

'Ya ɗaya suka samu, ita ma a makare. Virtue a Manchester aka haife ta. Da Hausa suke mata magana ta amsa da Turanci, in kuma ba sa so ta ji sai su juya Birom a tsakaninsu. Ta tashi tana jin Hausa irin jin mai leƙen ɗaki ta taga: tana ganin kaya, ba ta san inda kowane ya fito ba. Tana da murya tun tana ƙarama. Da ta kai shekara goma sha biyar ta shigo gida da jita mai aiki da lantarki, ta shiga kiɗan nan da Turawa ke kira hard rock, mai sa gilashin taga rawa. Uwarta ta sa masa suna hayaniya. Dalyop ya ce a ƙyale ta, gara ta yi ihu a ɗaki da ta yi a titi.

Virtue na shekara goma sha tara, tana shekarar farko a jami'a a Birmingham, Dalyop ya faɗi a banɗaki wata Talata. Zuciya ce. Dangi suka yi ta bugo waya a kai shi gida. Celestina ta ce in an kai shi Bukuru wa zai riƙa cire masa ciyawa? A nan aka binne shi, tafiyar minti ashirin daga gida. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da aka saukar da akwatin, ta karɓi tulunta daga hannun wata, ta ba da waƙar da babu wanda ya taɓa ji, matan suka kama amshin tun daga baiti na biyu:

Ka riga ni kwanciya, Dalyop,
Allah ya tashe mu lafiya.
Ka bar mini ƙofa a buɗe,
Allah ya tashe mu lafiya.
Ban ce maka sauka lafiya ba,
Sai da safe na ce, sai da safe.
Allah ya tashe mu lafiya.

Duk wanda ya girma a coci a arewa ya san wace safiya ake nufi. Mamaci barci yake yi, safiyar kuwa ranar tashin matattu ce.

Uwar zumuntarsu, wato shugabar matan, ita ce Tabitha, mutumiyar Kagoro, tsohuwar ma'aikaciyar jinya mai baki kamar reza. Bayan kwana uku ta ce a sa waƙar cikin waƙoƙin da suke yi a kowane biso, wato jana'iza. Celestina ta ce a'a.

"Wannan sau biyu za a rera ta. An yi ɗaya. Ta biyu ranar da za ku sa ni kusa da shi."

Matan zumuntar suna da wata al'ada da zaman Ingila ya koya musu. Kowace takan rubuta yadda take so a yi bisonta ta ba Tabitha ta ajiye, don 'ya'yan da aka haifa a nan ba su san tsarin ba, in ka bar musu sai su sa maka furanni da kiɗan fiyano su watse. A takardar Celestina layi uku ne. A sa mata zanen zumunta. Kada fasto ya wuce minti goma sha biyar. A bakin kabari a yi waƙar Dalyop, Virtue ta bayar, mata su amsa. Ta nuna wa Virtue takardar kafin ta miƙa, Virtue ta karanta ta gyaɗa kai.

Virtue ta gama jami'a ba ta dawo ba. Ta kama ɗaki a unguwar Erdington can Birmingham, tana aiki a shagon sayar da tabarau, ranakun hutu kuma tana kiɗa da wasu samari biyu: Ethan, wani dogon Bature mai gashi har kafaɗa, shi ke riƙe jita, da Umair, ɗan Fakistan, mai ganguna. Ita ke waƙa. Da suka rasa sunan da za su sa wa ƙungiyar, ta tuna da uwarta, suka sa Hayaniya. Celestina ta ce ko ba komai sun faɗi gaskiya sau ɗaya.

Shekara shida bayan rasuwar, wata Asabar da ganye ya fara zuba, Virtue ta zo gida ta iske uwarta a kicin tana tsinkar yakuwa. Ta yi ta zagaye kamar kaza mai neman wurin ƙwai, sannan ta ce, rabi Hausa rabi Turanci:

"Mama, waccan waƙar ta Baba."

"Wace?"

"Kin sani. Wadda kika ce ni zan bayar."

"Ai ban mutu ba tukuna. Ko likita ya gaya miki abin da bai gaya mini ba?"

"Mama!"

"To mene ne?"

"In ranar ta zo ban iya ba fa? Kin san yadda Hausata take."

"Na sani. Kamar mai tauna tsakuwa."

"Shi ya sa. Ki rera mini in ɗauka a waya, in riƙa bita a ɗakina."

Celestina ta ajiye yakuwar ta dube ta. "Ke da wa?"

"Ni kaɗai."

"Ke kaɗai."

"Ni kaɗai, Mama. I promise."

Ta auna abin a ranta, ta ga koyarwa daban rerawa daban. Kuma tunda aka haifi yarinyar nan ba ta taɓa roƙon wani abu na gida ba sai yau. Ta wanke hannu, ta rufe taga, ta ɗauko tulu. Da yake babu mata, ita ta bayar ita ta amsa wa kanta. Sannan ta sa Virtue ta maimaita.

"Ƙofa, ba kofa ba. Daga maƙogwaro. Sake."

Sau bakwai suka yi. Ranar Alhamis ta gaya wa Tabitha cewa yarinyar ta fara hankali. Tabitha ta ce to Allah ya sa ba hankalin damina ba ne.

Cikin sanyin Fabrairu Virtue ta bugo waya ta ce wani ƙaramin kamfani ya yarda zai fitar musu da faifansu na farko, waƙa goma, sun ma shiga ɗauka. Celestina ta tambaya me suke ci a wurin. Da ta ji amsar, ta dafa gwaten acca ta cika kula, ta hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham.

Sutudiyon a cikin wata tsohuwar masana'anta yake, babu taga, an manna katifa a bango kamar ɗakin mahaukata. Sun yi mako uku a ciki. Idon Ethan ya faɗa, don budurwarsa ta bar shi kuma rabin waƙoƙin a kanta ya rubuta. Umair ya ci kwano uku yana gumi yana cewa, "Anti, ki ɗauke ni ɗa." Suka zaunar da ita, suka ɗora mata abin sauraro a kunne. Kiɗan kamar ana sauke kwanon rufi daga tirela. Amma a ƙarƙashin ƙarar ta ji abin da ta sani: yarinyar tana riƙe numfashi har ƙarshen layi, ba ta yanke kalma a tsakiya. Wannan gadonta ne. Ba ta faɗa ba, ta dai ce ba laifi.

Sun kunna mata tara. Ethan ya miƙa hannu yana cewa saura babbar, wadda za ta buɗe faifan. Virtue ta dafe masa hannu.

"Ba a gama ta ba."

Celestina ta ga hannun, ta ga yadda Ethan ya dubi Virtue da mamaki. Sai ta ɗauka kalmomin banza ne a ciki ake jin kunyarta. Ta ce, "In zagi ne ku bar shi, na ji isasshe a wurin tsofaffina." Suka yi dariya, ta tattara kularta ta koma Manchester da farin ciki, iyakar yadda take yarda ta yi shi.

Faifan ya fito a watan Mayu. Virtue ba ta aiko mata ba, ita kuma ba ta nema ba, don ba ta ga abin da za ta yi da shi ba. Wata Alhamis bayan an tashi daga zumunta, su biyu suka rage suna jera kujeru, Tabitha ta ce:

"Ngo, ashe da tauraruwa muke zama ba mu sani ba. Yaushe za ki fara sa baƙin tabarau?"

"Ke dai bakinki ba ya hutu."

"Ɗana ne ya turo mini. Na ce ba zan yarda ba sai na ji daga gare ki." Tabitha ta dubi fuskarta, dariyar ta ɗauke. "Ba ki sani ba."

"Me?"

"Zauna."

"Ina tsaye. Kunna."

Tabitha ta kunna a wayarta. Tun kafin murya ta fito Celestina ta gane tulunta, da 'yar karkarwar nan ta wuya. Sai muryarta, a kicin ɗinta, har da ƙarar firijinta a baya. Ka riga ni kwanciya. Nan aka tsallake, babu Dalyop, an cire sunan kamar an cire haƙori. Ka bar mini ƙofa a buɗe. Sai da safe na ce, sai da safe. A daidai inda amshi zai shigo, jita ta faɗo kamar aradu, ganguna suka biyo, Virtue ta kwarma ihu da Turanci: ga ƙofa nan a buɗe, kama hanya, kada ka waiwayo. Duk ƙarshen baiti sai a dawo da muryar tsohuwar tana cewa sai da safe. Babu Allah ya tashe mu lafiya ko sau ɗaya. Sunan faifan ma da aka rubuta a bangonsa shi ne Sai Da Safe.

Tabitha ta karanta mata abin da wani mai sharhin waƙoƙi ya rubuta, tana fassarawa. Ya yaba da gangunan, ya ce waƙa ta shida ta yi tsawo, ya ce Birmingham ta daɗe ba ta ji sabbin yara masu zafi haka ba. Amma abin da ya fi burge shi, in ji shi, muryar wata tsohuwa 'yar Afirka da ta buɗe faifan da wata daɗaɗɗiyar waƙar gargajiya ta korar mijin banza. Ya ba su tauraro huɗu cikin biyar. Tabitha ta ƙara da cewa ɗanta ya ce ɗalibai a unguwar Fallowfield, nan Manchester, sun ɗauki kalmar, in mutum ya dame su sai su kaɗa masa hannu su ce sai da safe.

Celestina ta ɗauki kujerar da ta rage ta ɗora a kan sauran. Ta ce, "Mijin banza."

Ba ta buga waya ba. Virtue ce ke bugowa kowace Lahadi da yamma, sai ta jira. Lahadin farko Virtue ta yi maganar ruwan sama da ciwon gwiwar uwarta. Ta biyu ta ce suna ta yawon kiɗa, ta gaji. Ta uku ta tambayi yadda ake jiƙa acca. Kowane kira Celestina takan bar mata fili, ta yi shiru mai tsawo ko za ta shigo ta faɗa. Ba ta shigo ba. Wannan shirun na mako uku ya fi faifan ci mata rai, don wanda bai san ya yi laifi ba ba ya ɓoyewa.

Tabitha ta samo labarin cewa Hayaniya za su yi wasa a wani filin shaƙatawa a Erdington, Asabar ƙarfe uku na rana. Ta ce za ta raka ta. Celestina ta ce a'a. Da safen ta ɗauko zanen zumunta daga ƙasan akwati ta ɗaura, har da ɗankwalinsa. Tabitha ta gan ta a tasha ta ce wannan kuma na mene ne.

"In za a yi waƙar bisona, ai ya kamata gawar ta halarta."

Filin ya cika da mutum ɗaruruwa, rana ta fito, ana shan giya a kofunan roba. Da yawa sun sa baƙar riga an rubuta sai da safe a ƙirji da farin fenti. Ta sami wuri kusa da wata bishiya ta tsaya da jakarta a hannu. 'Yarta na kan dandamali tana tsalle, gashi a tsaye, ga lasifikoki kamar firiji a kowane gefe. An bar waƙar sai ƙarshe. Da tulun ya fito ta lasifika filin ya ɗauki sowa. Muryarta ta cika wurin, ta fi ta kowace Lahadi da ta taɓa yi girma. Da aka zo wurin amshi bakinta ya buɗe da kansa, shekara arba'in na sabo. Ta rufe shi. Mutane ɗaruruwa suka ɗaga hannu suna kaɗawa kamar masu korar kaji daga shanya, suna ihun kalmar a karkace. Wani saurayi kusa da ita ya juyo yana dariya ya nuna mata yadda ake yi da hannun.

Bayan an tashi ta zagaya bayan dandamali inda suke loda kaya a mota. Umair ya fara ganinta. Ya ajiye ganga ya rugo.

"Anti! Kin ji yadda suke yi miki? Ke ce faifan nan gaba ɗaya. Da Virtue ta ce kin sa albarka, na ce wannan uwa ta fi tawa wayewa."

"Ta ce na sa albarka."

"E mana." Ya dubi fuskarta, ya dubi bayanta, ya koma wurin gangarsa a hankali.

Virtue na tsaye da tawul a wuya. Ta ga zanen, ta san shi.

"Mama. Da kin gaya mini za ki zo."

"Ke kika gaya mini?"

"Na so in gaya miki. Ina neman lokacin da ya dace."

"Lahadi uku na ba ki. Wa ya cire sunan ubanki?"

"Mai haɗa sautin ne ya ce sunan zai sa mutane..."

"Wa ya ba shi?"

Virtue ta sunkuyar da kai. Sannan ta shiga zubo magana da Turanci, da sauri. Tara sun gama, kamfanin ya ce duk iri ɗaya ne, babu abin da zai sa a tuna da su. Ethan yana da waƙar da ba ta da mabuɗi. Ita kuma tana zaune da muryar uwarta a aljihu, muryar da ta fi duk abin da suka ɗauka. Ta kunna musu sau ɗaya kawai don su ji, daga nan abin ya fi ƙarfinta. Ta so duniya ta ji uwarta. Kuma ai ba su canza ma'anar ba.

"Ba ku canza ba," in ji Celestina. "To faɗa mini. Me waƙar ke cewa?"

"Kina sallamarsa ne. Ƙofa a buɗe take, good night. Kina fushi da shi don ya tafi ya bar ki da komai. Ko kuka ba ki yi ba ranar, Mama. Na ɗauka fushi ne. Ni ma fushin nake yi."

Celestina ta dube ta. Ashe shekara bakwai yarinyar nan tana yawo da wannan a ka.

"Ƙofar ni aka bar wa," ta ce. "Ni ce a waje cikin sanyi. Shi yana ciki. Roƙonsa nake kada ya sa sakata kafin in iso. Shekara nawa kina sama kina barci, ba ki taɓa tambayar wa ke buɗe mini ƙofa da safe ba?"

Virtue ta sa tawul a baki.

"Safiyar kuma ba ta gobe ba ce. Amshin da kuka yanke shi ke faɗin wace ce. Kun yanke shi don ba ya tafiya da jitar wancan dogon."

"Zan sa a cire ta. Zan kira kamfanin yau. Zan sa sunanki, zan rubuta gaskiyar abin..."

"Ki bi mutanen nan gida gida ki tuɓe musu riguna? Magana zarar bunu ce."

"Mama, ban sani ba."

"Na yarda. Rashin sanin na yafe, don rabinsa laifina ne da na ubanki, mu muka bar ki da rabin yare. Amma na tambaye ki ke da wa, kika ce ke kaɗai. Kika ce I promise. Wannan da Turanci kika faɗe shi, yaren da kika iya."

Virtue ta miƙo hannu. Celestina ta gyara riƙon jakarta.

"Sau biyu na ce. An yi na biyun yau, na zo na gani da idona. Ba a taɓa binne mutum da jama'a haka ba a zumuntarmu. Ki shiga mota, gumi zai sa miki mura."

Ta kama jirgin ƙarfe shida.

Virtue ta yi abin da za ta iya. Ta daina yin waƙar a wurin wasa, masu zuwa kallo suka yi ta gunaguni, Ethan ya yi mako biyu ba ya mata magana. Ta rubuta dogon bayani a shafinsu, mutane suka sa alamar zuciya a ƙasa suka ci gaba da sa rigunansu. Faifan ya ci gaba da tafiya. Har yanzu in aka ambaci Hayaniya wannan waƙar ake fara tunawa, kuma an ce suna shirin na biyu.

Alhamis ɗin da ta biyo bayan wasan Celestina ta ce Tabitha ta kawo mata takardarta. Ta sa biro ta ja layi a kan layi na uku.

"Ngo, yarinya ce."

"Shekararta ashirin da shida. A shekarunta ina da miji da keken ɗinki."

"To mu mu bayar. Ni zan bayar, in muryata ba ta kashe sauran ba."

"Ki bayar, wani ɗan iska a bayan maƙabarta ya kaɗa mini hannu? Waƙar ta zama tasu. A bar musu."

"To me za mu yi a bakin kabarin, mu yi ta kallon fasto?"

"Ku tsaya ku yi shiru. Gwargwadon tsawonta, ba zai kashe ku ba."

"Ni zai iya kashe ni."

"Sai a haɗa mu rami ɗaya."

Tabitha ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ninke takardar ta mayar cikin jaka.

Celestina ta yi ritaya bara. Tana zuwa kasuwa ranar Asabar, tana ƙaga wa zumunta waƙoƙi kamar da, sai dai in ta ga an ɗaga waya ana ɗauka takan ajiye tulu har a sauke. Ranar Litinin da safe takan je ta cire wa Dalyop ciyawa. An ce ta yi masa wata sabuwar waƙa, da Birom, yaren da Virtue ba ta jin ko kalma ɗaya, kuma ba ta koya wa kowa ba. Waɗanda suka wuce ta wurin sun ce gajeriya ce, takan bayar ta tsaya, ba ta amsa wa kanta.

Ba ta yanke 'yarta ba. In Virtue ta zo gida akan dafa mata gwate, a cika mata kula ta tafi da shi. Kowace Lahadi bayan cin abincin yamma wayar takan yi ƙara, su yi maganar gwiwa, da ruwan sama, da council, wato ƙaramar hukuma, da ta ƙi gyara fitilar layi. In an zo sallama Virtue takan ce, da Hausar da ta zauna ta gyara, "Sai da safe, Mama." Sannan ta yi shiru tana jiran amshi.

Celestina takan ce, "Na ji," ta ajiye wayar.